Ciwon Dajin Maɓuɓɓugar Yawu: Halinsa da Yadda A Ke Maganinsa

GABATARWA

Cikin cututtukan da jama'a ke kira ciwon daji ko sankara, akwai waɗanda kowa ya san sunansu saboda yawan mutanen da su ke kamawa, kamar na mama da na bakin mahaifa da na hanta. Akwai kuma waɗanda ba safai a kan gamu da su ba, har ma'aikacin asibiti ya kan yi shekaru yana aiki bai ga ko mutum ɗaya mai fama da su ba. Wannan ɗan littafi ya yi bayani ne a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan, watau wani ciwon daji da ke tsirowa a maɓuɓɓugar yawu. An shirya shi musamman domin jama'ar Kontagora ta Jihar Neja da na ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, irin su Mariga da Mashegu da Magama da Rijau, inda akasarin mutane manoma ne da makiyaya, kuma zuwa manyan asibitoci ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya sa aka ware wannan ciwo shi ne yana da hali na yaudara. Ya kan fara da ɗan ƙulli wanda ba ya damun mai shi, ya yi ta girma kaɗan kaɗan, tafiyar hawainiya, har mutum ya saba da shi ya daina kula. Manomi ya ce sai bayan shuka, in an yi shuka ya ce sai bayan kaka, in kaka ta wuce sai wata hidima ta taso. To, Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Duk wannan lokaci ciwon yana nan yana aikinsa a ɓoye.

MAƁUƁƁUGAN YAWU

Yawun da ke bakin mutum daga wasu 'yan sassan jiki ya ke fitowa, waɗanda aikinsu ke nan dare da rana. Manya daga cikinsu shida ne, uku a dama, uku a hagu. Mafi girma tana gaban kunne, a saman kusurwar muƙamuƙi, kuma ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku kuwa tana ƙarƙashin harshe. Ban da waɗannan akwai ƙanana ɗaruruwa, ko wace ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, a warwatse cikin ganɗa da leɓe da kumatu da harshe da maƙogwaro. Dukansu tare su kan samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Da shi ne a ke jiƙa abinci har ya haɗiyu, shi ne ke fara narkar da tuwo tun yana baki, shi ne kuma ke wanke haƙora ya tsare su daga ruɓa.

Akwai abu ɗaya game da maɓuɓɓugar gaban kunne wanda ya wajaba a sani. Jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyarta ta ratsa, ta rabu rassa biyar, kamar yatsun hannu. Wannan jijiya ce ke sa mutum ya rufe ido, ya ɗaga gira, ya yi murmushi, ya haɗe leɓe. Idan ciwo ya ci ta, ko aska ta yanke ta, sai ɓarin fuska ya saki, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa.

BA KOWANE KUMBURI NE DAJI BA

Kada jama'a su tsorata da wannan bayani. Mafi yawan kumburin da a ke gani a gefen fuska ko a wuya ba daji ba ne. Hangum ya kan zo da zazzaɓi da ciwo, ya baje cikin mako ɗaya ko biyu. Kaluluwa ta kan tashi saboda ciwon haƙori ko na kunne ko miki a ka, ta sauka idan an yi maganin abin da ya ta da ita. Wani lokaci kuma ɗan dutse ne ke toshe hanyar yawu, sai ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura a lokacin cin abinci, ya sace bayan an gama.

Ƙari dabam ya ke da waɗannan, domin shi ba ya sauka. Amma ko a cikin ƙari ma akwai mai sauƙi, akwai mugu. Likitoci sun lura cewa mafi yawan ƙarin maɓuɓɓugar yawu a ta gaban kunne ya ke fitowa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan ba daji ba ne. A ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙananan da ke cikin baki kuwa, kusan rabi daji ne. A ta ƙarƙashin harshe, mafi yawa daji ne. Watau gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓugar, gwargwadon hatsarin ƙarin da ya fito a cikinta. Ido ba ya iya rarrabe mai sauƙi da mugu, hannu ma ba ya iyawa. Sai an yi gwaji a asibiti.

SUNAN CIWON DA TARIHINSA

Sunan da likitoci ke kiran wannan ciwo da shi shi ne adinoyid sistik kasinoma, su kan kuma taƙaita shi a takardun asibiti da haruffa uku, ACC. Wasu likitoci na ƙasar Faransa ne su ka fara bayyana shi a 1853. Bayan 'yan shekaru sai shahararren likitan tiyata ɗan ƙasar Jamus, Theodor Billroth, ya laƙaba masa suna silindiroma saboda siffar da ya gani a madubin likita mai ƙara girman abu. Sunan da a ke amfani da shi yanzu ya fara shiga littattafan likitoci ne a 1930.

A ƙasashen da ke da cikakken lissafi, ciwon ya kan kama mutum 3 zuwa 4 ne cikin miliyan ɗaya a shekara. Shi ne kamar kashi 1 cikin 100 na dukan ciwon dajin kai da wuya, kuma kamar kashi 10 cikin 100 na ƙarin maɓuɓɓugar yawu. Duk da haka, rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun nuna yana cikin iri biyu da su ka fi yawa a dajin wannan sashe na jiki, sun kuma nuna cewa marasa lafiya da dama ba su isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, kuma mata sun ɗan fi maza, amma bai bar matasa ba. A kan same shi kuma, jefi jefi, a maɓuɓɓugar hawaye da kogon hanci da bututun iska na maƙogwaro da mama.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Cin abinci a kwano ɗaya da mai shi, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ba ya sa a kamu. Ba a san shi da bin zuriya ba, kuma bincike bai ɗora laifinsa a kan wani abinci ba. A 2009 masana a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin su ka gano cewa a jikin marasa lafiya da yawa wasu ƙwayoyin gado biyu, waɗanda a ke kira MYB da NFIB, su kan haɗe wuri ɗaya a cikin ƙarin, su sa ƙwayoyin halitta su yi ta haihuwa ba tsayawa. Wannan canji a cikin ƙarin kaɗai ya ke faruwa, iyaye ba su ba wa 'ya'yansu shi.

HALAYENSA GUDA UKU

Hali na farko shi ne jinkirin girma. Ƙullin ya kan yi watanni ko shekaru yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Yana da tauri, kuma da farko ya kan motsa idan an taɓa shi, daga baya sai ya kafe. Idan a ganɗa ya fito, mai shi ya kan ji ɗan tudu da harshensa, mai sa haƙoran roba kuma ya ga sun daina zama daidai.

Hali na biyu shi ne bin jijiya. Yawancin ƙari a wuri ɗaya ya ke taruwa yana ture abin da ke kusa da shi. Wannan kuwa ya kan kama jijiyoyin ji da na motsi ya bi su, kamar yadda gara ke bin azara ta ciki, waje yana nan lafiya lau. Ta haka ya kan yi nisa da inda ƙullin ya ke, wani lokaci har zuwa gindin ƙoƙon kai. Shi ya sa mai ciwon ya kan ji zogi mai naci, ko wani gefen leɓe ko kunci ya mace ko an taɓa ba ya ji, ko kuwa baki ya fara karkacewa. A ƙauyuka da dama a kan ɗauki karkacewar baki a kan bugun iska ko sammu. Amma idan karkacewar ta zo tare da ƙulli a gaban kunne, lalle a hanzarta zuwa asibiti, domin alama ce mai nauyi.

Hali na uku shi ne dawowa bayan an daɗe. Wannan ciwo bai cika shiga kaluluwar wuya ba kamar sauran dajin baki. Ta hanyar jini ya fi tafiya, kuma huhu ya fi sauka, sa'an nan ƙashi da hanta. Tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu ciwon a kan same shi ya kai wani wuri mai nisa, sau da yawa shekaru bayan an cire na farko. Wani rahoto da asibitin M. D. Anderson na birnin Houston a Amurka ya fitar a 1999, kan marasa lafiya 160, ya nuna cewa kashi 89 cikin 100 ciwon bai kashe su ba bayan shekara 5, kashi 67 bayan shekara 10, amma kamar kashi 40 ne kaɗai bayan shekara 15. A wasu irin daji, wanda ya cika shekara biyar lafiya a kan ce ya tsira. A wannan ba a faɗin haka.

Likitan da ke duba tsokar a madubi ya kan ga ɗaya daga siffa uku: mai huji huji kamar rariya, mai kama da ƙananan bututu, da kuma cunkusasshe wanda ba shi da huji. Na ƙarshen nan ya fi saurin girma da yaɗuwa, saboda haka sakamakon gwajin ya kan taimaki likitoci su san irin shirin da za su yi.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya je asibiti ba tare da ɓata lokaci ba:

1. Ƙulli a gaban kunne, ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ko ƙarƙashin harshe, wanda ya wuce mako uku bai sauka ba, ko da ba ya ciwo.
2. Tudu ko miki a ganɗa ko cikin kunci wanda ya ƙi warkewa.
3. Zogi mai naci a gefe ɗaya na fuska wanda ba a gano dalilinsa a haƙori ko kunne ba.
4. Macewar leɓe ko kunci ko gefen harshe.
5. Karkacewar baki ko kasa rufe ido ɗaya.
6. Toshewar kafar hanci ɗaya wadda ta daɗe, musamman idan tana tare da haɓo.
7. Wahalar buɗe baki ko haɗiyar abinci.

ABIN DA BA A YI WA ƘULLIN

Wanzamai suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma wannan ƙulli ba na aska ba ne. Tsaga da sakiya da ƙaho ba su fitar da shi, domin ba mugunya ce a ciki ba. Illarsu kuwa uku ce: suna iya yanke jijiyar fuska, suna warwatsa ƙwayoyin ciwon cikin naman da ke kewaye, suna kuma barin miki da tabo waɗanda za su wahalar da likitan tiyata daga baya. Ko ƙari mai sauƙi ma, idan aka fasa jakarsa, ya kan dawo a wurare da yawa. Haka nan kada a yi ta sayen ƙwayoyi a kemis wata da watanni. Kada kuma a yarda wani ya yanke ƙullin a ƙaramin ɗakin shan magani. Aikin farko shi ne mafi muhimmanci, kuma gwani ya kamata ya yi shi.

HANYAR NEMAN MAGANI

Matakin farko ga mutumin wannan yanki shi ne asibitin da ya fi kusa, ko kuwa Babban Asibitin Kontagora. Likita zai duba baki da wuya da motsin fuska. Idan ya ga akwai shakka, zai rubuta takarda ya tura mara lafiya inda akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, ko likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. A cikin jiha akwai manyan asibitocin Minna da Asibitin Tarayya na Bida. A wajenta akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda a ke zuwa ta hanyar Yawuri da Jega, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

A can za a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullin, ko a ɗan gutsuro tsoka idan a cikin baki ya ke, a kai ɗakin gwaji. Za a ɗauki hoton CT ko na MRI domin a ga iyakar ƙarin da yadda ya bi jijiya, a kuma ɗauki hoton ƙirji domin a duba huhu. Ya kamata mara lafiya ya tanadi jaka guda ya riƙa adana takardunsa da hotunansa duka a ciki, ya tafi da ita duk asibitin da za shi.

YADDA A KE MAGANINSA

Tiyata ita ce gaba. Likita zai cire ƙarin gaba ɗaya tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, domin kada a bar saura. Idan jijiyar fuska tana aiki kuma ciwon bai ci ta ba, a kan yi iyakar ƙoƙari a tsare ta. Idan ya ci ta, tilas a cire wannan yanki, kuma a kan iya ɗauko wata jijiya daga wuya ko ƙafa a dasa a gurbinta. Wanda aka cire wa wani sashe na ganɗa a kan yi masa marufi na roba, ko a gyara wurin da tsokar jikinsa, domin ya ci abinci ya yi magana. Sauran maɓuɓɓugai suna ci gaba da ba da yawu bayan an cire ɗaya. Ƙaramin ƙulli ƙaramin aiki ne, babba kuwa ya kan ci ƙashi da jijiya, wani lokaci har ya gagari tiyata.

Bayan miki ya warke, mafi yawan marasa lafiya a kan yi musu gashi da na'ura, watau a haska wurin da wani haske mai ƙarfi wanda ke kashe ƙwayoyin da ido bai gani ba, musamman waɗanda su ka bi jijiya. A kan yi shi kwana biyar a mako har kamar mako shida, ko wane zama 'yan mintoci ne, kuma ba a jin zafi a lokacin. Daga baya ne a kan sami bushewar baki, da miki a baki, da dushewar ɗanɗano, da duhun fata a wurin. Yawancin waɗannan suna raguwa, sai dai bushewar baki tana iya daɗewa. Don haka a ga likitan haƙori kafin a fara, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a ci abinci mai laushi irin su kunu da fate, a kuma bar taba da ƙunshin goro. Akwai sashen gashi a asibitocin Zariya da Sakkwato da Abuja da aka ambata. Tun da ya ke na'ura tana iya kasancewa cikin gyara, a tambaya kafin a kama hanya, a kuma shirya masauki da guzuri na mako shida, domin yanke gashi a tsakiya yana rage amfaninsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Magungunan daji na ƙarin ruwa ba su da ƙarfi sosai a kan wannan ciwo, saboda haka a kan ajiye su ne domin wanda ciwonsa ya yaɗu kuma yana damunsa. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su lenvatinib da axitinib, waɗanda gwaji ya nuna suna tsayar da girman ciwon na wani lokaci ga wasu mutane, amma ba su kawar da shi, kuma suna da tsada. A Jamus da Japan a na amfani da wani irin gashi na musamman ga ƙarin da ya gagari tiyata. Ya kamata a sani kuma cewa wanda ciwon ya kai huhunsa yana iya yin shekaru yana harkokinsa, har likita ya kan zaɓi sa ido kawai idan ba ya girma.

BAYAN AN SALLAMI MARA LAFIYA

Nan ne mutane da yawa ke yin sake. Miki ya warke, ƙarfi ya dawo, sai a ajiye katin asibiti. Mai wannan ciwo zai ci gaba da ganin likita muddin ransa: duk bayan 'yan watanni a shekarun farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara, tare da hoton ƙirji a lokacin da likita ya tsara. Sabon ƙulli, ko zogi, ko tari mai naci, ko ciwon ƙashi a wuri ɗaya, duk dalili ne na komawa kafin ranar da aka rubuta. Ciwon da aka gano dawowarsa da wuri sau da yawa a kan iya sake yi masa aiki. Wanda idonsa ba ya rufuwa kuma ya riƙa ɗiga maganin da aka ba shi, ya rufe idon da dare, domin kada ya bushe ya lalace.

NAUYIN GWAMNATI DA NA JAMA'A

A 2017 aka yi dokar kafa Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan 'yan Nijeriya. Ya kyautu magidanta su yi rajista tun suna da lafiya, su kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da aka tura su irin taimakon da a ke iya samu.

Sauran aikin na jama'a ne. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin coci, da malaman makaranta da ungozomai, su ne su ka fi kusa da mutane, kuma maganarsu tana da nauyi. Wanzami da ya ga ƙulli mai tauri a gaban kunne ya tura mai shi asibiti, ya yi aikin lada. Maigida da ya ga matarsa tana rufe kunci da gyale ya tambaye ta, ya kai ta. Dangi su haɗa hannu wajen kuɗin mota da jinya, su kuma riƙa tuna wa ɗan'uwansu ranar komawa asibiti, ko da shekara goma ta wuce da yin aikin.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙullin da ya wuce mako uku, a kai shi gaban likita.